Biri da Kunnuwan Sauraron Taurari

An yi wani Biri mai son a sani, wanda ko wanka zai shiga da rediyonsa yake shiga. Burinsa ɗaya a duniya: ya ji an ambaci sunansa a labaran rana.

Ana nan sai ga Malam Zomo, masanin taurari, ya zo neman fili. Ya ce za a kafa manya-manyan kunnuwan ƙarfe masu kama da faifai, jere-jere, don sauraron ɗan sautin da taurari ke aikowa. Wurin da ya fi shiru za a zaɓa, kuma za a sanar da sunan mai filin a rediyo.

Ai kuwa Biri ya miƙe, ya ce ga kwarinsa. Kunkuru ma, sarkin sanyin jiki, ya ce a duba tudunsa.

"Kai da wa?" in ji Biri. "Kafin ka gama gaisuwa taurarin sun tsufa!"

"To, a dai duba," in ji Kunkuru.

Biri ya san tudun ya fi kwarinsa shiru, abin ya tsaya masa a rai. Ranar dubawa sai ya kai wa Kunkuru janareto da lasifika da rediyo sabo fil, wai a tarbi baƙi da mutunci. Bawan Allah har da godiya. Na'urar da Zomo ke auna hayaniya da ita na isa tudun ta hau ƙara kamar ana suya. A kwarin Biri kuwa tsit, don gogan ya kashe rediyonsa ya zauna a kai.

Aka zaɓi kwarin Biri, ya dinga tsalle yana juyi.

Sai Zomo ya miƙo hannu ya ce a ba shi rediyon. Daga yau babu rediyo babu waya a kwarin, don su ke hana kunnuwan ji.

"Haba Malam, yau fa za a faɗi sunana!"

Zomo ya ce doka ce. Biri ya kwasa da gudu sai tudun Kunkuru. Ya iso yana haki daidai ana cewa ƙarshen labaran ke nan. Ya tambaya ko sun faɗa.

"Sun faɗa," in ji Kunkuru. "Har sau biyu. Ga daɗi kuwa. Da ma ka ji."

Biri ya zube ƙasa yana rusa kuka, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Darasin wannan labari shi ne, yara, mai cutar maƙwabci don neman suna yakan samu sunan, amma wani ne zai ji daɗinsa.