Ruwan Farko Na Tulun Tabawa

A zamanin da, an yi wani Sarki da mutanensa suka yi ta mutuwa saboda jiƙe-jiƙen da ake sayarwa barkatai a kasuwa. Sai ya kafa doka cewa ba mai sayar da magani sai ya kawo shi fada, ya kurɓa a gaban jama'a, sannan a buga wa tulunsa hatimi. Ya ɗora Barmo, mai maganin fada, a kan aikin dubawa.

To, akwai wata tsohuwa, Tabawa, wadda jiƙonta na ciwon shawara ya yi suna har Sarki ya taɓa yabonta a zaman fada. Tun ranar Barmo bai ƙara jin daɗin tuwo ba. Shekara talatin yana daka saiwoyi, ba a taɓa ce masa ko sannu ba, ga wata mai zane ɗaya ta sha yabo. Hassada ta ci shi ƙwarai.

Da Tabawa ta kawo tulunta, sai ya ƙwace, ya ce guba ce, gobe za a kore ta daga gari. Washegari kuwa ya juye jiƙon a sabon tulu, ya kai gaban Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga nawa haɗin, ya fi na tsohuwar nan."

Waziri ya sunsuna tulun, ya dubi Tabawa da ke durƙushe tsakanin dogarai, ya ce, "Madalla. Sai ka cika doka, ka kurɓa."

Barmo ya cika ludayi ya nufi baki. Tabawa ta ɗaga murya ta ce, "Ɗana, ajiye. Ruwan farko ne, zubarwa ake yi, ka ƙwace tulun kafin in zubar. Na biyu ake sha. Wannan in ya shiga cikinka, ba ka kai la'asar."

Ludayin ya suɓuce daga hannunsa.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda ya haɗa magani shi ya san inda kisansa yake."

Sarki ya sa aka buga wa Tabawa hatimi, ya ba ta aikin dubawa, ya ƙara a doka cewa kowa sai ya bayyana yadda yake haɗa nasa kafin ya kurɓa. Barmo kuwa aka ce ya koma ɗebo mata ruwa.

Haka ya ƙare kwanakinsa, kullum shi ke zubar da ruwan farko a bayan gidanta.