Mai Binciken da Ya Kasa Riƙe Bakinsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani kamfanin robobi, mai daɗin hira, wanda abokan aikinsa ke wa laƙabi da Gidan Rediyo. Ba ya sata, ba ya fashin salla. Bakinsa ne kawai ba ya rufuwa.

Wata rana inji ya datse yatsun wani ma'aikaci. Shugabanni suka ɗora wa Gidan Rediyo binciken, suka ba shi ɗaki mai ƙofa, suka ce ya saurari kowa a keɓe.

Makanikin kamfanin ya shigo yana murza hularsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da iyali. Maganar za ta tsaya a nan?"

Gidan Rediyo ya ce, "Ni da kai sai Allah."

Sai makanikin ya faɗa masa cewa ya sha gaya wa manaja murfin injin ya karye, manaja ya ce a ci gaba da aiki.

Da rana a wurin cin abinci, Gidan Rediyo ya miƙe yana kwaikwayon muryar makanikin, yana maimaita abin da ya faɗa masa, har da murza hula. Aka yi ta dariya. Abokin manaja na zaune a cikin masu dariyar.

Kafin a je duba injin, an sa sabon murfi. Aka ƙirƙiro wa makanikin laifi, aka sallame shi. Duk wanda aka kira shaida sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban ga komai ba." Laifi ya koma kan mai yatsun, ya tafi gida hannu a naɗe. Ya 'yan uwa, hakkin mutum biyun nan yana wuyan wa?

Daga baya shugabanni suka gano inda maganar ta fita. Ba su kori Gidan Rediyo ba. Suka mayar da shi wani ofis a bayan sito, shi da fanka. In ya shiga wurin cin abinci, sai hira ta mutu, ka ji ƙarar cokali kawai. Ya riƙa ɗaukar kwanonsa ya koma ofis ya ci shi kaɗai.

Labari ya isa gida. Matarsa ta fara rage murya a waya in ya shigo. Ƙaninsa ya daɗe yana jinya, bai sani ba sai a bakin maƙwabci. Da ya je asibiti, ƙanin ya kau da kai ya ce, "Yaya, yi haƙuri. Ba mu so a ji a waje ne."

Ya fito ya zauna a benci. Ya ciro waya, ya rasa wanda zai kira.

Ya 'yan uwa, wanda aka ba bincike, amana aka ba shi. Maganar shaida abincin 'ya'yansa ce ya ajiye a hannunka. Ka saurara, ka tabbatar, ka kai ta inda aka ce ka kai, ka yi shiru.

Allah ya kiyaye mu daga sharrin harsunanmu, ya sa mu cika da amanar bayinsa. Amin.