Rigar Kakan Alhaji Inuwa da Guruf Biyu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba. Kada ku ce labarin mutanen da ne. A wannan zamani namu aka yi shi, zamanin da kowa ke tafe da waya a aljihu. Sunansa Nomau, sana'arsa ɗinkin hannu na babbar riga. Bai yi boko ba, ko sunansa bai iya karantawa da boko. Amma in ya zauna da allura ya fitar maka da aska takwas a ƙirjin riga, sai ka rantse ba hannu ya yi ba.

Ku saurara ku ji yadda suke aikinsu. Su uku ne, kowa da garinsa. Akwai Hajiya Uwani a birni, ita ke samo masu ba da aiki. Akwai Lawandi, saurayi ne tela a wani gari, shi ke haɗa riga ya sa mata shafi a gindi. Sai Nomau mai allura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kaya na tafiya tsakaninsu a motar kasuwa, magana kuma na tafiya a waya. Hajiya ta buɗe musu guruf biyu. Ɗaya na cikin gida, su uku kaɗai, nan ake tsegumi da zolaya. Ɗaya kuma duk wanda ya ba da aiki sai a sa shi ciki, kullum a tura masa hoto ya ga inda aka kwana, ya ce a ƙara nan, a rage can. Duka biyun hoton shagon Hajiya ne a kansu.

To, Nomau da ba ya karatu, yaya yake bambance su? Ya lura na cikin gida kullum shi ne a sama, don Lawandi bakinsa ba ya hutawa, kuma duk inda aka yi magana ta ƙarshe shi ke hawa sama. Sai ya riƙe wannan: na sama namu, na ƙasa na baƙo. Ya danna, ya yi magana, ya saki. Haka ya daɗe yana yi, bai taɓa tuntuɓe ba.

Ana nan sai wani Alhaji Inuwa, ɗan kasuwa mazaunin kurmi, ya aiko da riga. Ba sabuwa ba ce. Tsohuwar saƙi ce ta kakansa, ta ji jiki, aikin wuyanta ya zube. Mahaifinsa, tsoho mai ran ƙarfe, shi ke son sa ta ranar sunan jikansa. Alhaji ya ce a guruf, "Malam Nomau, amana ce na ba ka. In ta ɓace ba kasuwar da zan samo irinta."

Nomau ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa, Alhaji."

Ya yi ta aiki, yana tura hoto, Alhaji na sa albarka. Har aiki ya kusa ƙarewa.

Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ran nan ya shimfiɗa riga a tabarma cikin zaure, aka kira la'asar, ya tashi ya tafi masallaci. Ƙyauren nan ya jawo shi, bai sa sakata ba. Da ya dawo, me zai gani? Akuyar maƙwabta a tsaye kan tabarma, gindin riga a bakinta, tana tauna tana kallonsa kamar shi ne baƙo. Ya kore ta, ya ɗaga riga. Ta cinye wuri kamar faɗin tafin hannu a bakin ƙasa.

Bawan Allah nan ya zauna. Ya yi innalillahi. Ba rigar kaɗai yake tunani ba. Ya san in Alhaji ya fusata ya baza labari, Hajiya ta rasa masu kawo aiki, Lawandi ya rasa, shi ma allurarsa ta yi tsatsa. Kuma tsohon nan yana can yana jiran rigar ubansa.

Ya ɗauki waya ya fita bakin rijiya, don nan kaɗai sabis ke kamawa a ƙauyen. Ya ɗauki hoton ɓarnar. Ya danna na sama, ya tura, ya ce, "Hajiya, Lawandi, ku ga abin da ya same ni. Akuya ce. Laifina ne, ban sa sakata ba."

Ku riƙe wannan wuri da kyau, za mu dawo kansa.

Nan take Lawandi ya amsa. Kun san mutum in saƙo ya shigo ba ya duba ta wace ƙofa ya shigo, amsawa kawai yake. Ya ce, "Baba Nomau, kai da akuya wa ya fi son rigar nan? Kwantar da hankalinka. Gobe ka ɗauki hoton wuya kawai ka tura masa, kada gindi ya fito. In ta zo hannuna sai in rage tsawonta gaba ɗaya, in naɗe wurin cikin shafi. Tsoho ne fa, ya ranƙwafa, rigar ma ta yi masa tsawo. Wa zai auna?"

Hajiya ta shigo. "Ni dai na rasa ta cewa. Malam Nomau, mutumin nan shi ya kawo mana abokansa. In ya juya mana baya mun shiga uku. Ko dai a bi ta Lawandi?"

Nomau ya sake sauraren saƙon Lawandi. Kada ku zaci maganar ba ta shige shi ba. Ta shige shi sarai. Hanya ce mai sauƙi, kuma ya san hannun Lawandi, in ya naɗe wuri ko mai riga ba zai gane ba. Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, da shawara mai daɗi yake zuwa.

Can ya danna ya ce, "Lawandi, ɗana, na gode da kake son rufa mini asiri. Amma hoton nan da muke tura wa mutum, idonsa ne ya ba mu aro. Yana can nesa, ba ya ganin komai sai abin da muka nuna masa. In na nuna masa wuya na ɓoye gindi, makaho na ja na kai rami. Ka ce wa zai auna. Wanda na tashi na je na yi wa sujada har akuya ta samu hanya, shi zai auna. Hajiya, ki yi haƙuri. Zan faɗa masa da bakina, in ce ni ne, ba ruwanku. In ya ce a cire ni daga aikin, ki cire ni, ba zan riƙe ki ba."

Lawandi ya ce, "Baba, gaskiyar nan taka za ta sa mu kwana da yunwa."

Nomau ya ce, "Gara yunwar."

Sai ya koma baya don ya shiga na ƙasa, na baƙo, ya kai kansa. Ya buɗe, ya danna tsohon saƙo don ya tabbata, sai ya ji muryar Lawandi tana ba da labarin wani direba da ya kai buhun zare garin da ba shi ba. Wannan ai na cikin gida ne. To in wannan ne na cikin gida, ina suka yi ta magana tun ɗazu?

Ashe da azahar Alhaji Inuwa ya leƙo ya yi sallama, ya tambayi aiki. Sallamar nan ita ta ɗaga guruf ɗinsa sama. Duk abin da suka faɗa, a gaban mai riga suka faɗe shi.

Lawandi ma ya farga, ya hau goge saƙonninsa. Ina amfani? Magana zarar bunu ce. Kafin ya gama gogewa sai ga muryar Alhaji.

"Lawandi, bar wahalar da yatsanka. Na ji duka. Ni da Baba muna zaune, shi ma ya ji."

Jama'a, a nan Nomau ya nemi bakin rijiya ya zauna.

Sai wani saƙo ya shigo, muryar tsoho, tana karkarwa, da dariya a cikinta. "Kai mai allura, kana jina? Rigar nan ta ga fari, ta ga gobara, ta ga gara, ba ta mutu ba. Akuya ce za ta kashe ta? Kada wanda ya rage mini tsawon rigar ubana. Ka nemi ƙyallen saƙi ka sa maho, ka ɗinke da hannunka. In an tambaye ni ranar suna, in ce nan ne akuya ta ci, mai gaskiya ya gyara. Yaron nan kuma da ya ce na ranƙwafa, ka gaya masa na ranƙwafa amma kunnena bai ranƙwafa ba."

Nomau ya sauke wata ajiyar zuciya tun daga cikinsa. Ya ce alhamdulillahi, ya sake cewa, ya sake cewa. Matan da suka zo ɗiban ruwa suna kallonsa, yana dariya hawaye na zuba, ba su san dalili ba.

Amma Alhaji bai gama ba. Ya ce, "Hajiya, aiki yana nan, kuma wani na zuwa. Sai dai telan nan, ban yarda ya taɓa rigar ba."

To ku ji hali. Wani da ya tsira sai ya kama bakinsa. Nomau ya danna ya ce, "Alhaji, ina roƙon arziki. Akuya ta ƙofata ta shiga, ba ta ƙofar Lawandi ba. Tsoro ne ya yi magana da bakinsa, kuma don ya cece ni ya faɗa. Duk yankin nan ba mai sa shafi kamarsa. Ka bar shi ya yi, ya riƙa tura maka hoto ciki da waje."

Sai Lawandi ya shigo da ƙaramar murya, ba zolaya. "Alhaji, Baban Alhaji, na yi kuskure. Ku yafe mini."

Tsoho ya ce, "An yafe. Amma ka auna ta kafin ka fara, ka auna bayan ka gama, mu gani."

Haka aka yi. Ranar suna Alhaji ya turo hoton tsoho cikin riga, jariri a cinyarsa, ya kama gindin rigar ya ɗaga wurin mahon yana nuna wa mutane. Hajiya kuwa ta canza hoton guruf ɗin cikin gida, ta sa hoton akuya, don kada a sake. Nomau ya ce mata ta kyauta, amma shi ko ta sa ko ba ta sa ba, maganarsa ɗaya ce a duka biyun.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Nomau bai san ana jinsa ba lokacin da ya ƙi ha'inci. Da ya sani, da ba abin yabo. Abin da ya fisshe shi shi ne bakinsa na bayan ido da na gaban ido ɗaya ne.

Ku da ke zaune nan, na san kowannenku yana da guruf biyu, ko da waya ko ba waya. Akwai abin da kuke faɗa a gaban mai kaya, akwai abin da kuke faɗa in ya juya baya. Kai tela, kai makaniki, ke mai sayar da atamfa a waya kina ɗaukar hoto ta gefen da ba tabo, da ku nake. Wanda ya ba ka aiki daga nesa amana biyu ya ba ka, kayansa da idonsa. Kafin ka danna ka yi magana, ka ɗauka mai kayan yana ciki yana ji. In ma ba ya ciki, Wanda ba ya barci yana ciki, kuma a wurinsa ba a goge saƙo.

Allah ya sa bayanmu ya yi daidai da gabanmu. Ku tashi, an kusa kiran salla, kuma kowa ya sa sakata kafin ya fito.