Finjalin da Shehi Ya Karɓa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana zamanin Shehinmu, kogin ilimi, fitilar masu taƙawa, wanda harshensa bai taɓa bushewa da zikiri ba ko a kan doki, Allah ya tsarkake sirrinsa. Shekara tara ya yi yana yaƙar Faransawa a duwatsun Awras, da ƙarfi ya ƙare aka tsare shi a wani gida a birnin Kusantina, inda manyan Faransawa, waɗanda dā suke farautarsa, suka koma neman izinin zama a gabansa. Mafi kusa da shi a cikinsu shi ne Kanar Rokmor, wanda ya bi barikoki ya tattaro littattafan Shehi da sojoji suka wawashe ya mayar masa, kuma duk Laraba bayan la'asar yakan zo ya tuɓe takalmi, su yi ta hirar dawakai da magunguna.

Wannan abota ta tsaya wa Mawhub bin Rabah a rai. Shi ne mai dafa gahawar Shehi, tsohon mayaƙi da ya bar yatsu uku a fagen fama, kuma kullum ya shiga kasuwa sai abokan yaƙinsa na dā su taso shi.

"A'a, ga kukun Nasara! Mawhub, yau sukari nawa Kanar yake so?"

"Ku ƙyale shi mana, ai yatsun da suka bar masa sun isa riƙe faranti."

Shaiɗan ya samu ƙofa. Wata Laraba Mawhub ya samo gubar da makiyaya ke sa wa diloli, ya zuba a finjalin baƙo, ya shiga da faranti. Kanar ya miƙa hannu ke nan sai Shehi, Allah ya yarda da shi, ya riga shi, ya ce cikin natsuwa, "Mawhub, wannan nawa ne. Ka zuba wa baƙona wani."

Kafin Mawhub ya iya buɗe baki, Shehi ya yi bisimilla ya shanye.

Kanar ya yi dariya. "Haba Shehi, dawakaina ashirin da ka kwashe a kwazazzabo ba su ishe ka ba, yau har da gahawata?"

"Waɗancan ganima ce," in ji Shehi, yana murmushi. "Wannan kuwa rabon mai gida ne."

Mawhub ya kawo wani finjalin, ya jingina da bango gumi na zuba, yana jiran ya ga malaminsa ya faɗi, domin abin da ya zuba ya isa ya kashe raƙumi. Shehi bai ko yi tari ba. Mawhub yana nan tsaye Kanar ya zaro takarda daga aljihu, ya ce abin da Shehi ya yi wata bakwai yana roƙo ya samu, za a sako mutum goma sha huɗu daga kurkukun tsallaken teku. Ya shiga karanta sunaye, a na tara ya tsaya.

"Bulkasim bin Rabah. Kai, Mawhub, ba ƙanenka ba ne? To, ka tanadi rago." Ya kama hannun nan mai yatsu biyu ya girgiza.

Mawhub ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da baƙo ya tafi sai ya zube a ƙafafun Shehi yana kuka. "Sidi, ya shugabana, ka miƙa ni a rataye ni. Wallahi ban cancanci inuwar gidanka ba."

Shehi ya ɗora hannu a kansa. "Na yaƙe shi a fili, yana ganina ina ganinsa. A kan shimfiɗata kuwa amana ne. Tashi ka wanke finjalin nan da kyau, magariba ta kusa."

Shi ya ja mu sallar magariba a ranar, da doguwar sura, muryarsa garau, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya koma ga Ubangijinsa. Mawhub ya ci gaba da hidima shekara goma sha ɗaya, amma bai ƙara iya ɗaga ido ya dubi fuskar Shehi ba, kuma sai bayan jana'iza ya ba mu wannan labari, ya rufe fuskarsa da alkyabba, ya ce mu rubuta da sunansa kada mu sakaya.

Tsarki ya tabbata ga wanda ke kare bayinsa na gari. Ya Allah ka haskaka kabarin Shehinmu, ka yafe wa Mawhub, ka yayyafa mana albarkar salihai, ka suturta mu ranar da asirai za su tonu. Amin.