Sandar Baba Mijinyawa

Ku gyara zama. Yau na zo muku da wata magana da ta gagari dattawan gari guda, in kun iya raba ta ku raba.

A bakin wani kogi mai gudu a kan duwatsu akwai ƙauyen da ake kira Tungar Kanya. Ƙasa ce mai albarka, dawa takan shanye mutum har da hularsa, kifi kuwa sai an gaji da ci. Abu ɗaya ya ɓata garin, wani ɗan baƙin ƙuda da bai fi ƙwayar gero ba. In ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa a jiki. Da fari ƙaiƙayi ne, mutum ya yi ta susa da totuwar masara har fata ta yi jini. Bayan shekaru ido ya fara hazo, daga nan ya rufe.

Mai unguwar garin, Baba Mijinyawa, shi ma idonsa ya rufe yana ɗan shekara arba'in. Ran da ya tarar babu gidan da babu makaho, sai ya tashi jama'arsa suka koma kan tudu, tafiyar sa'a uku daga ruwa. Ya rantse ba zai mai da kowa Tunga ba sai an tabbatar masa ƙudan nan ba ya ɗauke da komai. Matarsa Tasalla ce ta riƙe bakin sandarsa ta ja shi har tudun, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ja masa gora sai ita.

Tudun kuwa tsakuwa ce zalla. Jama'a suka zauna dai don dole. Shi Baba kullum fuskarsa tana wajen kogi. In iskar damina ta taso daga can sai ya ɗaga hanci, ya ce ruwa ya kai gindin kanyar da garin ya ci sunanta. Yana iya lissafa maka gidajen Tunga ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke da akuya mai ɓarna. Kewar garin nan ta ci shi fiye da makantar.

Ana nan sai masu binciken cututtuka suka zo. Suka ce akwai magani, amma aikin mai tsawo ne, kuma sai da hannun 'yan gari. 'Ya'yan Baba uku, Nomau da Shekarau da ƙanwarsu Delu, kowa ya kama ɓangarensa.

Nomau, babban, shi ya zama mai kamun ƙuda. Kar ku yi dariya, don mutanen tudu sun riga ku. Magidanci guda mai iyali zai tafi kufan Tunga ya zauna a bakin ruwa, ya naɗe wando har gwiwa, ya miƙa ƙafafu, daga hantsi har la'asar sakaliya. Ƙuda ba ya zuwa sai ya ji warin mutum, saboda haka shi ne tarkon. In ƙuda ya sauka sai ya kife shi da 'yar kwalba kafin ya cije shi. Wani lokaci ya riga ƙudan, wani lokaci ƙudan ya riga shi. Shekara goma sha takwas yana wannan zama, har ƙaurinsa ya yi dabbare-dabbare, idonsa na hagu ya dushe. Kuma duk ran da ya dawo, uban zai tambaye shi ko kanyar tana nan, ya ce tana nan.

Delu aka ba wa sandar awo, wata doguwar sanda mai zane huɗu. Mutum zai tsaya a jikinta, inda tsawonsa ya kai shi zai nuna yawan ƙwayoyin da zai sha. Maganin 'ya'yan tsutsa kawai yake kashewa, uwar kuwa tana iya shekara goma sha biyar a jikin mutum, don haka dole kowa ya sha duk shekara har uwar ta mutu don kanta. To, ku kun san mutanenmu. Wanda ƙaiƙayi ya sake shi sai ya ce ya warke. Wani ya ce maganin hana haihuwa ne. An sakar wa Delu kare, an rufe mata ƙofa, wata tsohuwa ta ɓoye ƙwayar a kunci sai da Delu ta juya baya ta tofar. Daga nan ta daina barin ƙofar gida sai ta ga maƙogwaro ya motsa. Manema biyu suka gaji da jiran ta gama yawo, suka auri wasu.

Shekarau ne mai boko. Masu binciken suka tafi da shi can wani birni mai nisa, ya koyi feɗe ƙuda a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Duk kwalaben da Nomau ya cika, teburinsa suke zuwa. Ƙuda dubu nawa ya duba ɗaya bayan ɗaya, Allah kaɗai ya sani. Yakan ce in ya buɗe kwalin da aka aiko daga gida sai ya fara shinshina takardar da aka naɗe kwalaben da ita, ko zai ji ƙanshin hayaƙin ɗakin tsohuwarsa.

A shekara ta goma sha biyar kowa ya sa rai. Tasalla har ta fara ɗaure tukwane. Sai Shekarau ya ga tsutsa a kan ƙuda guda ɗaya tak, cikin dubbai. Shi kaɗai ne a ɗakin, da ya share gilashin ba wanda zai sani. Ya yi kuka, sannan ya rubuta abin da ya gani. Aka ɗaga komawa.

Nomau ne ya tuna inda ya kama ƙudajen wannan kwalbar, wani mashigi can sama da Tunga. Delu ta ɗauki sandarta ta bi kogi kwana huɗu a ƙasa, ta tarar da wasu masunta 'yan cirani da ba su taɓa jin labarin maganin ba. Ta riƙa bin su sansani-sansani har shekara uku. A cikin shekarun nan uku Allah ya yi wa Tasalla rasuwa, aka binne ta a tsakuwar tudu. Shekarau bai samu jana'iza ba, kuma da ya zo gaisuwa wasu a dangi ba su amsa masa sallama ba. Baba kuwa ya jingine sandarsa a bango, bai ƙara fita ƙofar gida ba.

A shekara ta goma sha takwas Shekarau ya dawo da takarda a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, an duba, an sake dubawa. Ƙudan yana nan, amma babu komai a bakinsa."

Tsohon ya ce a miƙo masa sandarsa. Ya shafa bakinta, inda hannun Tasalla ya goge itacen har ya yi santsi, ya ce jibi za a koma, kuma da ƙafarsa zai je, kada a kawo masa zancen mota. Nan take 'ya'yan uku suka miƙa hannu, kowa yana so ya ja shi.

Na ga wasunku sun buɗe baki za su ce a yi karɓa-karɓa. Dattawan tudu ma haka suka ce. Baba ya ƙi.

"Hannu ɗaya ne ya fito da ni," in ji shi. "Hannu ɗaya zai mai da ni, ya ɗora tafina a jikin kanyar nan. Ni ba zan zaɓa ba, duk nawa ne. Ku zaɓa mini."

Aka wuni ana musu. Wasu suka ce Nomau, wanda ya ba da jikinsa da rabin ganinsa, ba don shi ba da babu abin da za a duba. Wasu suka ce Delu, don ita ta kashe cutar gida-gida, ta ba da ƙuruciyarta, ba don ita ba da har yau ƙuda yana ɗauke da tsutsa. Wasu suka ce Shekarau, wanda ya faɗi gaskiyar da ta hana uwarsa ganin gida, ba don shi ba da an koma da yara an sake makancewa.

Ranar tafiya ta zo. An ɗora kaya a kan jakuna, mata sun goya 'ya'ya, rana tana ta hawa. Baba Mijinyawa yana tsaye a bakin hanya, fuskarsa wajen kogi, ya riƙe gindin sandarsa, ya miƙa bakinta gaba, yana jira ya ji an kama.

To, ku da kuka ji duka, a cikin Nomau da Delu da Shekarau, wa ya fi cancanta ya kama bakin sandar nan?