Ranar da Zaharadeen Ya Goge Wasannin Yara

Akwai wani saurayi a Kazaure mai suna Zaharadeen, wanda har yau in na tuna abin da ya aikata sai raina ya ɓaci. Ku karanta har ƙarshe, ku gaya mini ko ni ne na cika zafi.

A unguwarsu akwai Malama Sa'adiyya, mai koya wa yara haɗa wasannin kwamfuta ranakun Asabar da Lahadi. Ɗakin da take koyarwar na ƙungiyar dattawan unguwa ne, aro suka ba ta, tare da wasu tsofaffin kwamfutoci da wani ɗan unguwar ya kawo daga Kano.

Da manhajar tubala take fara wa kowa. Ga wanda bai sani ba, umarnin kwamfuta ne aka yi su kamar tubala masu launi-launi. Yaro ya jawo wannan ya ɗora a kan wancan, sai hoton da ke fuskar kwamfuta ya yi tafiya ko ya yi tsalle. Ba sai ka iya Turanci sosai ba, ba sai hannunka ya saba da buga rubutu ba.

A wannan ajin Zaharadeen ya fara. Kansa na ja, wannan kam ba mai musu. Ya gama sakandare, ya samu babbar makaranta, can ya koyi manyan manhajojin da ƙwararru ke haɗa wasa da su, inda ake rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, layi bayan layi da hannu. Madalla, kowa ya yi masa murna. Sai dai tun da ya dawo hutu yake ɗaga hanci. Har cewa ya yi yara su daina kiransa Yaya, Injiniya za su riƙa ce masa. Mutumin da ko shekarar farko bai gama ba.

A lokacin Malama Sa'adiyya na da tsohon ciki, na fari. Kamar yadda aka saba, za ta tafi gidan iyayenta a Roni ta haihu, sai ta yi arba'in ta dawo. Hankalinta bai kwanta da tafiyar ba, don wani mai sayen riɗi daga Gwiwa yana neman ɗakin ya mai da shi sito. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Maikasuwa, ya ce ba za su yanke shawara ba sai sun zo ƙarshen zango sun ga abin da yaran suka yi da hannunsu. In akwai amfani, aji ya ci gaba. In babu, ɗaki ya tafi.

Sai ta kira tsohon ɗalibinta ta damƙa masa amana.

"Ka riƙe mini su kamar ƙannenka," in ji ta. "Manyan ɗaliban nan biyu, in ka ga sun shirya, ka fara nuna musu babbar manhajar a kwamfutarka, a hankali. Sauran ka bar su su ƙarasa wasanninsu. Su dattawa za su zo gani."

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Kafin ki dawo za ki sha mamaki."

Ranar farko ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana duba aikin yaran yana taɓe baki. Wani ya haɗa wasan amalanken shanu da ke kauce wa ramuka. Wata ta yi na tsintar gyaɗa kafin ruwa ya sauko. Wanda ya fi kowanne nisa shi ne na Bahijja, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, jikar Alhaji Maikasuwa. Wasan dara take haɗawa. Watanni ta yi tana bin kakanta da tambaya a kan ƙa'idojin wasan, tana dawowa tana jera su da tubala, har ya zama in ka jera uku kwamfutar na ba ka damar ci.

Zaharadeen ya kalla ya yi dariya. Ya ce wasan tsofaffi a cikin kayan wasan jarirai, wannan za a nuna wa mutane?

Da yara suka tashi, ya tsaya zai sa babbar manhajar a kwamfutocin. Suka ƙi ɗauka, ba wuri. To a nan ne nake son ku ji rashin hankali. Bawan Allahn nan bai kira Malama ba, bai tambayi yaro ko ɗaya ba. Ga filash na adana bayanai a rataye a jikin makullinsa, bai kwafe komai ba. Ya goge duk abin da ke cikin kwamfutocin tas, ya sa abinsa, ya kulle ɗaki ya tafi yana fito.

Washegari Bahijja ta zauna ta duba nan, ta duba can. Ta ɗauka kwamfuta ta canja, ta koma ta kusa. Babu.

"Yaya Zaharadeen, ina darata?"

"Injiniya."

"Injiniya, ina darata?"

"Na share. Daga yau kun bar wasan yara, aikin gaske za ku koya. Gaba za ki gode mini."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce to ta ji, ya mayar mata da manhajar tubalan a kwamfuta ɗaya kawai, za ta sake tun daga farko, ta tuna yawanci. Ya ce muddin shi ke riƙe da makullin nan, tubali ba zai sake shigowa ɗakin ba.

Sai aka shiga koyarwar Injiniya. Ya tsaya a gaban allo yana zuba Turanci, yana cika shi da kod. Yaran da ke neman harafi da yatsa ɗaya, su ne aka ce su kwafi layi ashirin ba kuskure. Ɗigo ɗaya ya ɓace, komai ya tsaya, jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta, shi kuma ya hau faɗa yana cewa kansu ba ya ja. Su kansu kwamfutocin, da an buɗe manhajar sai su ɗau zafi su sandare, a yi ta jira.

Yara suka fara zamewa. Wannan ya ce an aike shi gona, wancan ya ce kansa na ciwo. Manyan biyun nan da Malama ta ce sun kusa shiryawa, su ma suka gudu, don kullum da su yake misalin daƙiƙanci. Maimakon ya tambayi kansa, sai ya ce dama ragwaye ne, gara da suka rage masa hayaniya.

Za ku ce me ya hana a gaya wa Malama? Bahijja ta so ta kira ta. Mahaifiyarta ta karɓe wayar, ta ce ba a kai wa maijego labarin ɓacin rai, a bar ta ta ji da kanta da jaririyarta. Haka sauran iyayen ma suka ga ya dace. Shi kuma duk sanda Malama ta bugo, sai ya ce komai lafiya lau, ana ta ci gaba.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, dattawa suka iso. Cikinsu har da mahaifin Zaharadeen, Malam Abu. Yara uku kacal suka tarar, Bahijja na can ƙarshen benci.

Zaharadeen ya buɗe tasa kwamfutar ya kunna wasan da ya haɗa a makaranta. Gaskiya ya yi kyau. Motoci na tsere, hayaƙi na tashi, har inuwar bishiyoyi ana gani. Ya yi ta bayani yana jefa manyan kalmomi, dattawa na gyaɗa kai don kara.

Da ya gama, Alhaji Maikasuwa ya gyara zama.

"Ka iya, ɗana, Allah ya ƙara basira. Amma ba don kai muka ba da ɗakin nan ba. Ina darar Bahijja? Yarinyar nan ta hana ni sakat da tambaya, na ce yau sai na buga da kwamfuta na ga wa zai ci."

Zaharadeen ya fara kame-kame, wai an wuce wannan matakin, ranka ya daɗe, yanzu ana kan na zamani. Alhaji ya ce to ba laifi, a kira yaro ɗaya ya nuna na zamanin. Aka kunna kwamfuta, ta sandare. Aka kunna ta biyu, jan rubutu ya fito. Alhaji ya juya ya dubi jikarsa.

"Ya goge, Alhaji," ta ce. "Na kowa ya goge."

Malam Abu ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba har aka tashi. Alhaji ya ce shi kaɗai ba zai iya kare ajin da ba yara, ba aiki ba, alhali a gaban kowa ya faɗi sharaɗin. Kafin mako ya zagayo an ba mai riɗi makulli.

Malama Sa'adiyya ta dawo da goyonta, ta tarar da buhuna har rufi a inda bencuna suke a da. Kwamfutocin na jibge a zauren Alhaji an rufa musu tabarma. A nan Zaharadeen ya same ta, ya durƙusa yana cewa shi alheri ya nufa, so yake yaran su yi sauri su kai inda ya kai.

Wallahi da ni ne, da unguwa ta ji muryata. Ita kuwa a hankali ta yi magana.

"Ka tuna wasanka na farko? Na akuyar da ke satar wake, mai tafiya da baya in an danna gaba?"

Ya ce ya tuna.

"Yana cikin kwamfutar bakin taga. Duk yaron da ya zo sabo yana tsoro, shi nake fara kunna masa. In ce ka ga wannan? Zaharadeen ne ya yi, yanzu yana babbar makaranta, kai ma za ka kai. Shi ma ka haɗa da shi ka goge."

Ta gyara goyonta ta wuce gida. Har ta sha kwana yana nan a durƙushe.

Darasi: In Allah ya ɗaga ka zuwa mataki na gaba, kada ka raina na farko, don wasu yanzu suke takawa, kuma ta nan kai ma ka bi. Ilimin da ya sa ka rushe aikin na ƙasa da kai, girman kai ne kawai. In an ba ka amanar masu koyo, ka tambaya kafin ka taɓa abin da suka wahala a kai. Ku tura wa duk wanda ya fara iya wani abu ya soma ganin kowa a raine.