Barmo da Bushiyar Teku

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah da ake kira Barmo, a wani gari na bakin teku inda mutanenmu suka je cin rani suka zarce da zama. Sunan garin ba shi ya tara mu ba. Barmo ɗan ga-ruwa ne, kafaɗarsa duk kanta, abin da ya mallaka a duniya garwa biyu ne da sanda, sai matarsa Lantana.

A unguwar akwai wani attajiri, Alhaji Mamuda, wanda ya ga wani abu a gidan wani Bature ya ce shi ma sai ya yi. Ya sa aka ƙera masa ƙaton akwatin gilashi a tsakiyar falo, aka cika shi da ruwan teku, aka saki kifaye masu launi. A cikinsu har da wata halitta da ake ce wa bushiyar teku, baƙa, dunƙulalliya kamar lemo, jikinta duk dogayen ƙayoyi, bakinta a ƙasa, tana bin dutse tana kankarar gansakuka. Alhaji bai san abin da take ci ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Shi dai baƙi su shigo su riƙe baki. Aikin Barmo shi ne ɗebo ruwa daga teku yana sauya na akwatin kaɗan-kaɗan, kamar yadda wani tsohon masunci ya koya masa. Da wannan aikin ake ɗora tukunya a gidansa.

To, ku saurara. Ran nan ana walimar suna a gidan Alhaji. Ya dubi akwatin ya ce ruwan nan ƙarni yake yi, ga kore-kore a jikin gilashi, abin kunya gaban manyan baƙi. Ya sa aka kwashe halittun a bokiti, aka wanke akwatin tas da sabulu, aka cika shi da ruwan rijiya garai-garai, aka mayar da su. A ganinsa gata ya yi musu. Mutumin tudu ne kamar ni da ku, a wurinsa ruwa ruwa ne, mai daɗi ma ya fi mai gishiri. Barmo yana bakin teku a lokacin, ba wanda ya jira shi. Wa ke shawara da ɗan ga-ruwa?

Kafin a sauke tukunyar farko, kifaye sun juya ciki sama. Bushiya kuwa ƙayoyinta suka kwanta suka fara zuba. Wani baƙo, ƙato da gemu, ya sa sanda yana zungurinta wai ya ga ko za ta motsa, ya kakkarya sauran, ana ta dariya. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Barmo ya shigo, ya ajiye garwa, ya sa hannu ya ɗago ta. Ya ji 'yan guntayen ƙayoyin da suka rage suna motsi a tafinsa. Alhaji ya ce a haɗa ta da kifayen a watsar a juji, gobe a sayo sabuwa.

Barmo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, da ranta."

"To sai me? Ba ni na saye ta ba?"

"Kai ka saye ta, Alhaji. Amma ba ita ta ce a raba ta da teku ba. Mu muka ɗauko ta, mu za a tambaya."

Alhaji ya ga an gyara masa zance gaban baƙi, ya ce in bai kai ta juji ba, kada ƙafarsa ta sake taka gidan. Barmo ya saka ta cikin garwar ruwan teku, ya saɓa ya fita.

A gida ya wanke wata tsohuwar randa ya sa a inuwa. Lantana ta yi faɗa har ta gaji, ta ce mutane na jinyar akuya shi yana jinyar ƙaya. Tsohon masuncin nan ya ce masa ya riƙa sauya ruwan kullum, kada duka a lokaci guda, ya sa mata dutse mai gansakuka, ya kuma bar taɓa ta. Kullum kafin ya fara talla sai ya yi sawu guda zuwa teku, sawun da ba mai biyansa. Masu sayen ruwansa suka fara cewa garwarsa gishiri take, wasu suka sauya ɗan ga-ruwa. Kwana da kwanaki bushiya na maƙale wuri guda, har shi kansa ya fara tunanin ko gawa yake wa hidima. Amma bai fasa ba.

Wajen kwana arba'in, Lantana ce ta leƙa randa ta kira shi. Ƙananan ƙayoyi sun tsiro kamar gemun da aka aske jiya, dutsen kuma an kankare shi fes.

Labari ya kai wa Alhaji, wanda duk abin da ya sayo bayan tafiyar Barmo mutuwa yake yi. Ya aiko wai a mayar masa da bushiyarsa, Barmo ya koma bakin aikinsa. Ba haƙuri, ba ban baki. Ku lura, jama'a: ran da take gurguwa ta juji ce, ran da ta yi kyau ta koma tasa.

Barmo ya so aikin nan, kada ku ce bai so ba, don gidansa ana cin na rana a rasa na yamma. Ya zauna gaban randa yana kallon bushiyar. Lantana ta ce, "Malam, mayar da ita teku. Tuwo Allah ke bayarwa."

Da hantsi ya shiga teku har gwiwa, ya ajiye ta tsakanin duwatsu, ya tsaya sai da ya ga ta kama. Sannan ya wuce gidan Alhaji da garwa ba komai.

"Ina take?"

"Ranka ya daɗe, ran da ka ce a kai ta juji ta fita hannunka. Na mayar wa Mai ita."

Kuna jira in ce ya tsinci zinariya a hanya? Bai tsinta ba. Ɗan ga-ruwa ya rayu, ɗan ga-ruwa ya mutu. Ladansa na inda ba a ƙwace wa talaka.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan: duk mai rai da ka raba da wurinsa ka ajiye a gidanka, amana ce a wuyanka, saye ba ya sauke ta. Kai mai kanari a keji da ruwan shekaranjiya, da kai nake. Kai mai ɗaure rago a rana tsaka, da mai ɗora wa jaki kaya a kan miki, da ku nake. Har da wanda tsohon ma'aikacinsa ya kwanta ciwo ya ce a nemo sabo. Ba su da bakin kai ƙara yau, amma akwai ranar da za a ba su. Kowa in ya koma gida ya leƙa tasa randar kafin ya ci abinci. Allah Ya sa mu sauke amana tun muna da numfashi.